Azumin da Na Goya Dutse a Camberwell

Bana azumi ya zagayo ya sake faɗowa cikin Oktoba, kamar yadda ya yi a shekarata ta farko a Landan. Ruwan ma irin na wancan lokacin ne, ba ya zuba da gaske kuma ba ya ɗaukewa, sai dai ya wuni yana tsiyaya. Jiya da la'asar ina kicin ɗin 'yata Ummi a Lewisham, ta zuba jiƙaƙƙen wake a injin markaɗe ta danna, kafin in gyara ɗaurin ɗankwalina ƙullu ya yi laushi. Na yi ta dariya ni kaɗai. Jikata ta tambaye ni da Turanci abin da ya ba ni dariya, na ce mata da Hausa, "Uwarki nake tunawa. Akwai shekarar da aka shafa kan dutse aka sa masa albarka da sunanta." Yarinyar ta ce sai na ba ta labarin, Ummi kuwa ta ce ta ji shi har ta haddace. To ga shi na rubuta, wanda ya gaji da ji sai ya huta.

A shekarar 1972 muka zo. Kuɗin fetur ya fara motsi a gida, jihohi na ta tura ɗalibai waje, sai Malam, maigidana, Allah ya jiƙansa, ya samu zuwa koyon aikin ɗaukar hoton ƙashi a babban asibitin da ke Camberwell. Na biyo shi da Ummi tana goye. Mutanenmu a Kano sun ɗauka mun shiga daula, ba su san mun yi makonni muna ƙwanƙwasa ƙofofi ba. A waya za a ce akwai ɗaki, da an buɗe ƙofa an ga fuskarmu sai a ce yanzun nan aka kama shi. Gidan da ya karɓe mu a ƙarshe na wasu 'yan'uwa biyu ne Musulmi, Tamilawa daga gaɓar tekun kudancin Indiya. Babban, Abdulƙadir, yana ƙasa da matarsa Zulaiha. Ƙanensa Hamid yana hawa na tsakiya da tasa matar, Mumtaz. Mu kuma aka ba mu ɗakin can sama, wanda in Malam ya miƙe tsaye a gefen taga sai rufi ya gaida kansa.

Ranar farko na ji Hamid ya kira Abdulƙadir "Kaka". Na dubi wannan, na dubi wancan. Mutum ko furfurar kirki ba shi da ita, ga jika da gemu har da mata. Da muka hau sama na ce wa Malam, "Su kuma mutanen nan da shekara nawa suke aure?" Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce a wajensu kaka shi ne yaya. Daga nan kowa a gidan Kaka yake kiransa, har mu.

Kicin ɗaya ne a gidan, a can baya. Da Zulaiha ta kai ni ciki, abin da na fara gani a kusurwa shi ne dutsen niƙa, baƙi, mai faɗi, an sassaƙa fuskarsa, ga ƙaramin dutsen a kwance a kansa kamar dai na gidanmu. Ban san sa'ad da na durƙusa na shafa shi ba, hawaye ya zubo mini. Na mahaifiyarsu Kaka ne. Da ta rasu suka sa aka ɗoro shi a jirgin ruwa, domin a cewarsu abincin da bai bi ta kansa ba cika ciki kawai yake yi. Turancina na makarantar horon malamai ne, na Zulaiha kuma na kasuwa, amma a gaban dutsen nan ba mu taɓa rasa fahimtar juna ba.

Da azumi ya kama, aikinmu ya samu tsari. Da hantsi in jiƙa waken da Malam ke sayowa daga Brixton, in surfa shi da hannu a ruwan famfo mai sanyin da ke sa yatsu su ƙage. Bayan azahar Zulaiha ta fasa kwakwa, Mumtaz ta kankare, su niƙa ta da citta da tafarnuwa don kanji, wato kununsu na shan ruwa, na shinkafa da hulba, mai gishiri. Su gama in karɓi dutsen in niƙa wakena da gyaɗar kunu. Gero dai babu shi ko na magani, sai kunun gyaɗa. In hannuna ya gaji Mumtaz ta karɓa, in nata ya gaji Zulaiha ta karɓa, Ummi na yawo daga wannan cinya zuwa waccan. Ƙarar dutsen kan bi bango ta hau har ɗakinmu, kowa a gidan ya san la'asar ta yi.

Wunin ba shi da tsawo, amma ban taɓa sanin yunwar sanyi ba sai a nan. A gida ƙishi ne ke wahalar da mai azumi. A Landan ruwa ko a ranka, sai dai ciki ya yi ta kartar ka tun hantsi, ƙafa ta yi sanyi kamar ba taka ba. Hitarmu ta kananzir ce, tana ba da wari fiye da ɗumi. Bango na gumi, tsumman Ummi su kwana su wuni a igiya ba su bushe ba. Duk da haka, in magariba ta yi muka shimfiɗa tabarma a falon Kaka, maza a gefe mata a gefe, ga kanji ga ƙosai na tururi, sai in manta a ƙasar wa nake. Kaka ya koyi tsoma ƙosai a kanji, ya ce tun can don juna aka halicce su.

A farfajiyar shiga gidan akwai hotuna uku a bango. Na tsakiya na wani dattijo ne da ya kafa jam'iyyarsu, wadda ta tashi don kare harshen Tamil da mutuncin mutanenta, har ta kai ga mulkin jiharsu. Ya rasu yana kan mulki. A damansa wani marubuci ne mai kaifin baki, wanda ya gaje shi a kujera. A hagunsa wani ɗan fim ne da talakawa ke mutuwar so. Ni dai na sa musu suna Mai Alƙalami da Ɗan Fim, don sunayensu sun fi ƙarfin harshena. An ce aminai ne tun suna samari, wannan ya rubuta magana wancan ya faɗe ta a fim. Kaka da Hamid kullum suka wuce sai sun dubi hotunan nan kamar masu gaida iyaye.

Azumi bai yi nisa ba labari ya zo, da farko ta rediyo, daga baya jaridun Madras, babban birnin jiharsu, suka biyo. Manyan biyu sun ɓata. Jam'iyya ta kori Ɗan Fim, shi kuma bai yi wata-wata ba ya kafa tasa, ya ce shi ne magajin marigayi na gaskiya. Ranar a kan tabarma aka fara. Ba na jin Tamilanci, amma faɗa ba ya bukatar tafinta. Da suka ga Malam ya zuba musu ido sai suka koma Turanci, kowa na neman shaida.

"Malam, kai mai ilimi ne," in ji Kaka. "Mulki wasan kwaikwayo ne? Jam'iyya gida ce. In ka ji haushi ka zauna a ciki a gyara, ba ka fita ka kafa bukka a ƙofar gida ba."

"Fita ya yi ko korarsa aka yi?" in ji Hamid. "Don ya buɗe baki ya yi tambaya! Wasu mutane in suka zauna a kujerar babba, ƙarami ba shi da bakin magana har abada."

Kaka ya ajiye cokali. "Da wa kake?"

"Da wanda ya tsargu."

Malam ya ce, "Jama'a, azumi ne fa, a yi haƙuri." Ko kallonsa ba su yi ba. Ni kuwa a nan na gane maganar ta bar Madras ta shigo falo.

Washegari Hamid ya dawo daga aikinsa na kwandastan bas, ya tarar da ƙusa tsirara a inda hoton Ɗan Fim yake. Ya nemo shi a bayan gida, an jingine shi da kwandon shara, fuskarsa na kallon bango, ruwa ya jiƙa shi. Bai yi ihu ba. Ya goge hoton da hannun rigarsa, ya shigo, ya tsaya a gaban wansa ya ce, "Mista Abdulƙadir, daga yau kowa ya kama gabansa." Zulaiha ta dafe ƙirji. Tun da Hamid ya iya magana bai taɓa kiran sunan nan ba.

Abin da ya biyo baya, da ba a kaina ya ƙare ba, da dariya zan yi ta yi. Aka raba tukwane. Aka raba cokula. Kaka ya samo alli ya ja layi a tsakiyar kicin, tun daga ƙofa har taga, murhu ɗaya nan ɗaya can. Da aka zo kan dutse, Kaka ya ce kayan Umma a hannun babba suke zama, ga shi kuma a ɓangarensa na layi yake. Hamid ya ce shi ma ai ba tsintarsa aka yi ba. Ya sunkuya ya ɗauke ƙaramin dutsen ya haye sama da shi, ya tura ƙarƙashin gado. Mutane kan rabu dutse a hannun riga, shi Hamid a hammata ya ɗauki nasa. Aka kuma hana matan magana da juna.

Gidan ya yi tsit. La'asar ta yi ba ka jin komai sai ɗigar ruwa a taga. Na gwada daka wake da gindin kwalba a cikin kwano, ƙosan ya fito da tsakuwa-tsakuwa, yana shiga mai ya watse. Malam ya ci don kara, ya ce, "Ba laifi," alhali ina ganin yadda yake haɗiya. Muka koma burodi da kifin gwangwani da shayi. A ƙasa ma haka, kanjin Zulaiha ba kwakwa ya zama ruwan shinkafa, na Mumtaz kuma kullum sai ya kama. Kowa na shan ruwa a ɗakinsa, ƙofa a rufe. Nonona ya ragu, Ummi ta yi ta rigima, ni ma in zauna in taya ta.

Sai wata safiya na leƙa ta taga na ga wani Bature yana kafa allo a bakin ƙofa. Gida na sayarwa ne. 'Yan'uwan sun ce ba za su ƙara kwana ƙarƙashin rufi ɗaya ba, a sayar kowa ya nemi nasa. Muka koma yawon neman ɗaki, ga azumi ga ruwa, Ummi a bayana na lulluɓe ta da leda. Peckham, Lewisham, har New Cross, amsar ɗaya ce. Wata mata ma ba ta buɗe ba, ta labule ta girgiza mana kai. A hanyar dawowa, muna tsaye a tashar bas takalmana cike da ruwa, Malam ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Rabi, in aka sayar ba mu samu wuri ba, ni zan samu gado a hostel. Ke da Ummi sai ku koma Kano har in gama." Har ya gama, wato shekaru. A raina na ce wallahi ba mutanen Madras ne za su raba ni da mijina ba.

Na san irin wannan ciwon tun ina yarinya. Lokacin siyasar farko, da jam'iyya ta tsage a Arewa, Babanmu ya bi ɗaya, ƙanensa ya bi ɗaya. Suka ja katanga a tsakar gida, rijiya ta faɗa ɓangaren Baffa. Na girma ina zagayawa ta waje da tulu don in ɗebi ruwan gidanmu. Manyan da aka yi faɗan dominsu daga baya an gan su suna gaisawa suna dariya, katangar kuwa tana nan har aka binne su biyun. Saboda haka ban tsaya jiran maza su huce ba.

A cikin goman ƙarshe aka samu mai saye. Ana jibi za su je wurin lauya, na fita bayan gida shanya, na tarar da Zulaiha a wannan ƙarshen igiya, Mumtaz a wancan, kowacce na kuka a ɓoye tana yi kamar matsar wanki take. An hana su magana da juna, amma ba wanda ya hana su magana da ni. Na tsaya a tsakiya na ce, "Ni abin da ya fi ba ni haushi dutsen nan ne. A garinmu babban sunansa uwa, ƙaramin sunansa ɗa. Wane irin mutum ne zai raba uwa da ɗanta a watan azumi?"

Zulaiha ta saki zanen da ke hannunta. "Me kika ce sunan ƙaramin?"

"Ɗa."

Ta dubi Mumtaz kai tsaye, ta manta da doka. "Kin ji? Mu kulawi muke ce masa. A tsohon Tamilanci ma'anarsa jariri."

Mumtaz ta fashe da dariya cikin hawaye. Ta ce ai ko ta so ta sauko da shi ba hali, don Hamid in ya dawo aiki da rana a bakin matakala yake kafa kujera da rediyonsa da jaridunsa, ko tsinke ba ya wucewa bai gani ba. Na ce, "To in dai jariri ne, ai goya shi ake yi."

Washegari bayan azahar na sauko da Ummi a baya, na gaida Hamid, na shiga wurin Mumtaz. Na ba yarinyar nono har ta yi barci, muka kwantar da ita a tsakiyar gado. Muka jawo ɗan dutsen, muka naɗe shi da tawul, muka sa masa hular ulu ta Ummi mai tuntu. Na sunkuya Mumtaz ta ɗora mini, na ja zani na ɗaure, na ƙara majanyi. Sanyinsa ya ratsa tawul ya taɓa ƙashin bayana, nauyinsa kuwa ya fi na Ummi nesa ba kusa ba. Na fito ina ɗan jijjiga shi kamar yadda ake yi.

Hamid ya ɗago kai daga jarida. "Sista Rabi, yau Ummi ba rigima?"

Na ce, "Ita ma azumi take yi."

Ya yi murmushi, karo na farko a kwanakin nan. Ya miƙo hannu ya shafa hular, ya ɗan dakata. Na ci gaba da jijjiga goyona. Sai ya ce, "Masha Allah, kan nan da ƙarfi yake. Wannan za ta yi karatu. Allah ya yi mata albarka."

Na ce amin, na sauka a hankali ina riƙe da bango. Mumtaz ta biyo ni da bokiti kamar mai zuwa ɗiban ruwa. Muna shiga kicin Zulaiha ta maida ƙofa ta sa sakata. Na kwance goyo, ta karɓe shi da hannu biyu, ta ɗora shi a kan uwarsa.

Ba mu yi niyyar ɓoyewa ba, dutse ai ba ya niƙa a asirce. Zulaiha ta fara da kwakwa, ƙarar ta bi bango ta hau. Ba a jima ba muka ji rediyo ya mutu a sama. Sai kuma kukan Ummi. Mumtaz ta ce daga baya Hamid ya ba ta labari: ya shiga ɗaki da gudu ya leƙa ƙarƙashin gado ba dutse, ya ɗago ya ga yarinyar da ya sa wa albarka ta sauka ƙasa tana kwance a kan gadonsa tana harba ƙafa. Ya ce sai da ya yi a'uziyya.

Ya sauko da ita a hannu yana buga ƙofa. "Mumtaz! Buɗe! Ku ba ni dutsena ku karɓi 'yarku!"

Zuciyata na wurin Ummi, amma na san ta ƙoshi, kuma na san Hamid ba zai bari ko ƙuda ya taɓa ta ba. Na ce, "Riƙe ta tukuna, hannuna da ƙullu."

Muka ci gaba da aiki. Na niƙa wake har ya yi laushi kamar auduga, na buga shi ya tashi. Mumtaz ta soya albasa, ƙamshin hulba da citta ya cika wurin. Na saka ƙosan farko a mai, ya taso ya kumbura ya yi ja, bai watse ba. Duk wannan ƙamshin ta ƙarƙashin ƙofa yake fita, zuwa hancin mai azumi. Gab da magariba Kaka ya dawo daga shagonsa, Malam ma ya shigo a jiƙe. Maza uku a tsaye a lungu, ga yarinya na tsala kuka.

"Wa ya ba da izinin a taɓa dutsena?" in ji Kaka.

"Naka?" in ji Hamid.

Zulaiha ta zungure ni, don ni baƙuwa ce, ba mai iya yi mini tsawa. Na matsa jikin ƙofa na ɗaga murya. "Kaka, Hamid, ku saurara. Mu matan gidan nan mun ɓalle. Mun kafa tamu jam'iyyar, kuma mun kore ku ku duka biyu."

Malam ya ce da Hausa, ƙasa-ƙasa, "Rabi, kina hauka ne? A gidan mutane muke fa."

Na ce, "Malam, gobe ma a gidan wa za mu kasance? Bar ni."

Kaka ya ce, "To wace ce shugabar wannan jam'iyya taku?"

"Ummanku," in ji Zulaiha, da Turanci don kowa ya ji. "Ga ta nan da ɗanta a cinya. Mai son ya raba su ya shigo ya raba da hannunsa, muna kallo. Mai son kanjinta kuma, ga tsumma a bakin ƙofa, ya goge layin nan kafin ya zauna."

Ummi ce kaɗai ke magana, kukanta har ya fara shaƙewa. Na kai hannu kan sakata, Zulaiha ta riƙe ni ta ce in ɗan ƙara haƙuri. Muka ji Hamid na ta rarrashi, yana "shh, shh," abin ya ƙi. Sai muryar Kaka, cikin faɗa: "Haka ake riƙe yaro? Ka tallafi kanta mana! Kai tun kana ƙarami ba abin da ka iya riƙewa. Kawo ta nan."

Hamid kuwa ya gaji, gumi ya keto masa a cikin sanyin nan. Ya ce, "Karɓi, Kaka."

Bakinsa ne ya riga shi. Mu uku a ciki muka dubi juna. A waje kukan ya fara lafawa, muna jin Kaka na yi mata wata 'yar waƙa a hankali, wadda Mumtaz ta raɗa mini cewa da ita uwarsu ke lallashin Hamid. Malam ya yi gyaran murya ya ce, "Jama'a, lokaci ya yi. An sha ruwa."

Zulaiha ta zare sakata. Kaka na riƙe da yarinya, saboda haka Hamid ne ya durƙusa ya ɗauki tsumman. Ya goge rabin layin, ya tsaya, ya miƙa wa wansa. Kaka ya ba ni Ummi, ya tattare zanen nan da mazansu ke ɗaurawa, ya goge sauran. A nan kicin muka shimfiɗa tabarma, a matse, gwiwa na gugar gwiwa. Kaka ya kurɓi kanji ya rufe ido, ya daɗe bai buɗe ba. Ni kuwa na ci ƙosai har na ji kunya, ina ci ina jin daɗi yana ratsa ni har tafin ƙafa. Ban taɓa cin nasara mai daɗin wannan ba, kafin nan ko bayan nan.

Kada a ɗauka sun shirya a siyasa. Kafin a kwashe kwanuka sun koma. Kaka ya ce jam'iyyar 'yan kallo ba za ta kai baɗi ba, Hamid ya ce za a gani. Bambancin kawai, yanzu Hamid na cewa, "Kaka, ba ka san komai ba," yana tura masa farantin ƙosai. Washegari, ranar zuwa wurin lauya, Kaka ya leƙa waje ya ce ruwan yau ya yi yawa. Hamid ya leƙa ya ce lallai ya yi yawa. Ruwan nan kuwa yayyafi ne da ko kaza ba zai kora ba. Ana gobe Sallah na hango su ta taga, su biyu sun kama allon sayarwa suna jijjiga shi, suna gardama a kan wanda marigayi ya fi so, har ya tumɓuke. Zulaiha ta sa aka cire katakon aka shimfiɗa shi ƙarƙashin dutsen, rubutun na kallon ƙasa, wai don kada niƙa ya fasa daɓe.

Bayan wasu shekaru jam'iyyar Ɗan Fim ta ci zaɓe ta karɓi mulkin jihar. Hamid ya cika gidan da alewa, ya hau matakala ya sauka yana rawa. Kaka ya ce an yaudari talakawa, yana faɗa yana cin alewar. Har Allah ya karɓi ransa bai canja jam'iyya ba, Hamid ma bai canja ba, kuma daga ƙofa ɗaya aka fitar da gawar Kaka, ƙanensa na riƙe da gaban makara. Jam'iyyun biyu, in ji Mumtaz, har yau suna can suna karɓa-karɓa, wasu ma sun sake ɓallewa daga cikinsu.

Mu kuwa a ɗakin saman nan Malam ya gama karatunsa, a nan na haifi ƙannen Ummi biyu. Ban koma Kano ba sai da mijina a gefena. Hamid ya tsufa yanzu, yana Croydon wurin ɗansa, dutsen na kicin ɗin Mumtaz, uwa da ɗa. Ummi likita ce a nan Landan, a wurinta nake zaune yanzu. Duk Sallah in muka je gaishe su, sai ya sa ta sunkuyo, ya dafa kanta, ya dubi jama'a ya ce, "Ni na fara faɗa. Tun tana goye na taɓa kan nan na ce za ta yi karatu."

Mumtaz ta dube ni, in dube ta. Ba mu taɓa gyara masa ba.